Ranakun da Aka Zagaye da Jan Biro

Rajistar ta sake lalacewa ranar wata Talata da safe, karo na goma sha ɗaya ke nan cikin wata huɗu, kuma kamar kullum Ramatu ce ta fara gani. Ta kunna kwamfuta, ta danna, allon ya yi jim, sannan ya fito da ɗan akwatin nan da ke cewa bai gane wannan fayil ba. Wai bai gane ba! Fayil ɗin da suke wuni tare shekara guda da rabi. Ta gwada akwatin imel, shi ma ya ce sai an gyara shi tukuna. Ta zauna ta zuba wa allon ido, don ta san abin da ke jiran ta a ɗakin Malam Armiya'u, shugaban ofis.

Wata ƙungiyar agaji ce ta buɗe ofishin a Kaura Namoda, cikin wani gida mai ɗaki huɗu a kan hanyar tashar jirgin ƙasa, don aikin rigakafin dabbobi. Malaman allura kan fita rugage tun daga Kurya Madaro har Gurbin Bore, su zagaya ta Moriki da Shinkafi, su dawo da takardu cike da sunayen makiyaya, da yawan shanunsu, da allurar da aka yi, da ranar da za a sake. Aikin Ramatu shi ne ta zuba wannan duka cikin rajistar kwamfuta. Ƙarshen wata a fitar da rahoto, a aika babban ofis a Kaduna ta imel, da shi ake sanin yawan maganin da za a turo.

Kwamfuta uku ce a gidan. Ɗaya ta malaman allura, wadda ba su cika kunnawa ba, ɗaya ta Ramatu, sai babba da ke kusurwar ɗakin Malam Armiya'u, an lulluɓe allonta da ƙyalle, ba mai taɓa ta sai shi. Wata shuɗiyar waya ta bi gindin bango ta haɗa su. Da farko Ramatu a ɗakin malaman allura take zama. Amma shekarun nan ne na farkon Shari'a a Zamfara, an ware wa mata motocin haya, an shiga raba zaman maza da mata a wurare da dama, shi kuwa Malam Armiya'u mutum ne da ba ya son a yi da shi a gari. Sai ya sa aka mai da ita ɗakin ƙarshe, aka rataya labule, aka ƙara wa wayar tsawo. Ramatu ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta samu fankarta ita kaɗai, ta kuma huta da hirar siyasa.

Wutar gari baƙuwa ce a unguwar, don haka janareta ne ke riƙe da ofis tun safe har a tashi. Rumfarsa tana jikin bangon ɗan masallacin da ke tsakar gidan, kuma mai kula da shi, Baba Namadi, shi ne maigadi, shi ne kuma ladan. In lokacin Azahar ko La'asar ya yi, sai ya kashe injin, ya yi kiran salla, in an sallame ya tayar. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambaya, don kowa ya san ba a jin kabbarar liman cikin wannan rugugi.

Ramatu ta ja mayafi, ta bi barandar zuwa ɗakin shugaban. Ta yi sallama.

"Shigo, Malama Ramatu. Zamna," in ji Malam Armiya'u. Ya dube ta ta saman tabarau. "Kada ki ce min ta sake."

"Ta sake, ranka shi daɗe. Har da imel."

Ya zaro jan biro daga aljihu, ya tashi ya nufi kalandar da ke bango. Tsohon malamin makaranta ne, kuma ya bar aji amma jan biro bai bar shi ba. Tun lalacewar farko yake zagaye ranar a wannan kalanda mai wata goma sha biyu a shafi ɗaya. Duk baƙon da ya zo daga Kaduna sai ya kai shi gabanta ya nuna masa, yana cewa shi ba ya magana sai da hujja. Yanzu ya zagaye ta goma sha ɗaya, a hankali, har yana gyara bakin da'irar.

Gyaran dai sun san shi. Kowace safiya kafin a fara aiki Malam Armiya'u kan kwafe rajistar a faifai da hannunsa ya kulle a durowa, don haka sai a maido da ta jiya, Ramatu ta sake buga aikin wuni guda. Imel ne mai ciwo. Akwai ɗan abin gyara da injiniyansu ya nuna musu, amma duk sadda ya gyara sai ya ci wasu wasiƙu. A watan jiya ya cinye wadda ke cewa an ɗage zuwan motar magani da mako guda. Aka tara Fulani da shanunsu a Moriki tun hantsi har rana ta yi sanyi, babu mota babu labarinta. Ardon wurin ya faɗa wa malaman allura maganar da ba su iya maimaitawa a ofis ba, Kaduna kuma ta bugo waya.

"Ni dai ba ni son in zalunce ki," in ji Malam Armiya'u, ya koma kujerarsa. "Amma ke ɗai ka taɓa rajistag ga. An ce min masu aikinku na amsar aikin waje, su kawo faifan mutane su sa cikin kwamfutar ohis, shi ka kawo bairos. In haka na, cin amana na."

"Wallahi ban taɓa sa faifan kowa ba."

"To mi ka ɓata ta? Aljannu?" Ya buɗe durowa ya nuna mata gefen wata ambulan. "Ga takarda nan Kaduna sun aiko, ta sallama. Gobe Injiniya Khalil na zakuwa daga Gusau. In ya bincika bai ishe laihi ga na'ura ba, to laihin na mai aiki da ita na, kuma sai in miƙa maki wagga. Na riƙe ta sati biyu don darajar mijinki."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi sukar ta. Mijinta Nuhu direban babbar mota ne, kuma shi kaɗai ya tsaya gaban yayyensa biyu lokacin da suka ce matar gidansu ba ta aikin ofis. Ya ce ya yarda da ita, kowa ya ji da gidansa. In aka sallame ta da sunan cin amana, ba aikin kaɗai za ta rasa ba, bakin Nuhu za a rufe a gidansu har abada.

Malam Armiya'u ya ci gaba da nasiha a kan amana, ita kuwa don kada hawaye su zubo sai ta kafa wa kalandar ido. Ba ta taɓa tsayawa ta dube ta da kyau ba, kunyarta take ji. Da'irorin ba a warwatse suke ba. Uku a jere a wata guda, sannan fili fetal. Biyu a wata na biye, sannan fili. Uku kuma, sannan ukun wannan wata. Kowane rukuni yana ɗan matsowa baya da kwana biyu ko uku. Ta ƙirga a zuci, ta sake ƙirgawa. Ta san ranakun nan. Ba wanda ya san su a duniya sai ita, ko Nuhu sai in yana gari. Ranakun da take fashin salla ne.

Ta koma ɗakinta. Abin ma har ya so ya ba ta dariya. Me ya haɗa kwamfuta da al'adar mata? Ta maido da rajistar jiya, ta ɗauki takardun Zurmi, amma ba ta buga ko layi ɗaya ba. Ta zauna tana bin ranakun ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kanta me take yi a cikinsu wanda ba ta yi sauran kwanaki.

Amsar ba ta da nisa. Kowace kwamfuta a ofishin tana da akwatin batir a ƙarƙashin tebur, wanda ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, yana ta ƙara ƙit, ƙit, ƙit. Ramatu ba ta iya salla da wannan kuka a kunne, don haka da ta ji Baba Namadi ya nufi rumfar inji sai ta rufe rajista, ta rufe imel, ta kashe komai, ta ɗauki buta. Haka take yi kullum, ban da ranakun fashi. A ranakun nan ma takan ɗauki butar, ta fita ta zaga baya a gaban kowa, ta jiƙa fuska, ta dawo ta turo ƙofa. Ita kaɗai ce mace a gidan, ba za ta bari maza bakwai su riƙa lissafa mata kwanaki ba. In ta rufe ƙofa sai ta ɗora matashin kujera a kan akwatin batir don kada a ji kukansa daga masallaci, ta ci gaba da aikinta. A ganinta ai don haka aka sayi batirin. Wani lokaci allon kan sandare, ya fito da wani ɗan rubutu, ta danna ta jira, in inji ya tashi ya ci gaba. Kwamfutar da ke sandarewa sau biyar a wuni, wa zai riƙe wannan a rai?

Amma tata kwamfutar ba ta mutuwa, batirinta lafiya lau yake. To ina ɓarnar take shigowa?

Da Azahar ta yi, Baba Namadi ya kashe inji, fanka ta tsaya. Ramatu ta yi zagayenta da buta kamar yadda ta saba. Ta jira har ta ji an tayar da iƙama, liman ya yi kabbara, sannan ta cire takalma ta bi barandar. Ɗakin Malam Armiya'u a buɗe yake. Ta tsaya daga bakin ƙofa, tana waige-waige, don in aka gan ta a nan ba ta da abin faɗa. Akwatin batirin babbar kwamfuta yana kuka, amma ba irin kukan nata ba, da sauri da sauri yake yi. Kafin liman ya kai ruku'u na biyu ya ja ƙara ɗaya doguwa ya yi tsit. Koriyar fitilar babbar kwamfuta ta mutu.

Ta koma ɗakinta ta leƙa ta labule. Aka sallame, aka yi addu'a, Baba Namadi ya ja igiyar inji. Da ta wuce ta ƙofar ɗakin daga baya da takarda a hannu, sai ta ga koriyar fitilar ta dawo, kwamfutar ta tashi da kanta tana gurnani a ƙarƙashin ƙyallenta kamar ba abin da ya faru. Sau biyu a wuni take mutuwa ta farfaɗo, ba wanda ya sani, domin a daidai lokacin duk mazan gidan suna cikin sahu.

Washegari da hantsi Injiniya Khalil ya iso a motar haya, da jakarsa ta faya-fayai. Shi ya haɗa musu kwamfutocin tun farko. Mutum ne mai fara'a, mai saurin magana, ya yi karatu a Kaduna har harshensa ya karkata can. Ya zauna a kujerar Ramatu, Malam Armiya'u yana tsaye a kansa, ita kuma tana gefe jikin bango. Ya sa faifan bincike ya bar shi yana gudu kusan awa guda.

"Babu bairos, yallaɓai," in ji shi. "Ko ɗaya. Kwamfutar nan ta fi tawa tsabta."

Malam Armiya'u ya yi gyaran murya. Hannunsa ya kai ga aljihun da ya sako ambulan ɗin yau.

"Injiniya," in ji Ramatu, muryarta ƙasa ƙasa, "don Allah in yi tambaya. Rajistag ga, ina take kwana? Cikin wagga kwamfuta tawa take?"

Khalil ya juyo yana murmushi. "A'a, Malama. Ai ba ta taɓa zama a nan ba. Tana cikin babbar can ta ɗakin yallaɓai. Ki ɗauka can ne rumbu. Taki hannu ce kawai, tana miƙawa ta wayar nan ta ɗebo, ta mayar."

"Imel hwa?"

"Shi ma can yake." Ya saci kallon Malam Armiya'u. "Na faɗa tun farko cewa fayil ɗin imel ba a ajiye shi a wata kwamfuta a riƙa jawo shi ta waya, ba a gina shi don haka ba. Yallaɓai ya ce wasiƙun ofis a ɗakin shugaba suke kwana."

"Haka doka take ko'ina," in ji Malam Armiya'u.

"To in hannu na cikin rumbu," in ji Ramatu, "rumbun ya mutu, mi ka samun abin da hannu ya riƙa?"

Murmushin Khalil ya ɓace. "Ya mutu kamar yaya?"

Ta ce a gwada batirin babbar kwamfuta. Suka ɗunguma zuwa ɗakin shugaban. Khalil ya sa aka rufe komai, ya durƙusa ya zare filogi daga bango, ya dubi agogonsa. Minti biyu da 'yan daƙiƙu, akwatin ya ja ƙararsa ya yi shiru. Ya juya shi ya karanta takardar da ke manne a gindinsa, ya girgiza kai. Batirin ya gaji, in ji shi, da alama ya yi watanni a haka. A da yana riƙe minti talatin, shi ya sa shekara guda ba a ga komai ba.

"Amma yaushe wuta ka ɗaukewa nan?" in ji Malam Armiya'u. "Inji na bisa tun sahe."

Yana rufe baki, sai ga shi da kansa ya tuna. Aka kira Baba Namadi. Tsohon ya zo yana goge hannu a rigarsa, ya tsuguna a bakin ƙofa, fuskarsa cike da tsoro. Ya ce shi tun da aka kawo injin haka yake yi, kuma in laifi ne a yafe masa, amma shi bai san yadda za a yi salla da wannan abu yana ruri a kunnen liman ba.

"Ba laifinka ba ne, Baba," in ji Khalil. Ya zauna a bakin tebur yana buga biro a haƙori. Sai ya ɗaga kai ya dubi kalandar. "Amma akwai abin da bai zauna ba. Sau biyu a wuni, wata huɗu, kwamfutar nan ta mutu ya fi sau ɗari da hamsin. Rajista ta lalace sau goma sha ɗaya kacal. Fayil ɗin da yake rufe, ko sau dubu aka kashe wuta da wuya wani abu ya same shi. Sai in akwai mai rubutu a cikinsa a daidai lokacin."

"Lokacin nan kowa na salla," in ji Malam Armiya'u. "Ke nan ba shi na ba."

"Bari mu gani." Khalil ya yaye ƙyallen, ya kunna allon babbar kwamfuta. Lalatattun fayilolin suna nan, Malam Armiya'u bai yarda a goge ko ɗaya ba, hujja ce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe wani dogon jeri na rubutu, yana ja da yatsa. "Ga shi. Ranar Litinin, ƙarfe biyu da minti takwas, hanya ta yanke ana tsakiyar rubutu. Wannan ma biyu da minti goma. Wannan huɗu da kwata. Ɓarnar ba ta nunawa sai an rufe an sake buɗewa da safe. Kuma duka daga kwamfuta ɗaya ne." Bai faɗi wacce ba. Bai kuma dubi kowa ba.

Malam Armiya'u ya cire tabarau. A hankali ya juyo.

"Malama Ramatu. Lokacin salla kina aiki?"

Ramatu ta sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, ɗiyag ga tana salla," in ji Baba Namadi daga bakin ƙofa, da zafinsa. "Ni shaida na. Kullum ina ganin ta da buta, ba ta taɓa tsallake rana ba."

Allah sarki Baba, ya zo ceto ya ƙara tura ta rami. Fuskar Malam Armiya'u ta canza gaba ɗaya, muryarsa ta sauka.

"Ke nan buta kike ɗauka don a gani, ki shiga ki ruhe ƙohwa ki bar salla? Cikin ohishina? Ga garin ga, ga zamanin ga?"

Ramatu ta ga hanyoyi biyu a gabanta, ba ta uku. In ta yi shiru, ta fita daga gidan nan a matsayin matar da ke wasa da salla tana yaudarar mutane da buta, kuma kafin Magariba maganar ta kai gidan su Nuhu, wannan kuwa ya fi cin amana muni sau goma. In ta yi magana, za ta faɗi abin da ko gaban yayanta na ciki ɗaya ba ta taɓa faɗa ba, a gaban maza uku, ɗaya sa'an ubanta, ɗaya sa'an kakanta, ɗaya baƙo. Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suna zafi. Ta kuma ji haushi, haushi sosai, cewa mutum mai mata da 'ya'ya mata biyar a gida ya tsaya yana kallon kalandar nan wata huɗu bai ga komai ba.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta dubi siminti.

"Ranka shi daɗe, ban taɓa barin salla ba tun da nib balaga. Ranakun ga da ka zagaye, dut fashin salla nike. Uzurin mata na."

Khalil ya sunkuya ya shiga kwance wata waya da ba ta buƙatar kwancewa. Baba Namadi ya ce, "Subhanallahi," a hankali, ya miƙe, ya ce bari ya je ya duba man inji.

Malam Armiya'u ya tsaya da tabarau a hannu. Sannan idonsa ya tafi kan kalandar, ya bi da'irorin rukuni rukuni, uku, biyu, uku, uku, kuma Ramatu tana iya ganin lokacin da abin ya sauka a kansa. Wannan takarda ya rataya a bangon ofishinsa wata huɗu. Ita ya riƙa kai baƙin Kaduna gabanta yana nuna musu da tsinin biro. Ita malaman allura ke kallo kowace safiya in sun shigo sa hannu.

"Astagfirullah," in ji shi.

Ya taka zuwa bangon, ya zare kalandar daga ƙusa. Ya ninke ta biyu rubutun yana ciki, ya sake ninkewa, ya sake, har ta koma kamar tafin hannu. Ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a juye gefe.

"Riƙa, ɗiyata. Taki ta. Ki yahe min."

Ta karɓa ta sa cikin mayafi. Ta gyaɗa kai ta fita. A ɗakinta ta turo ƙofa, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun jiya, ba ta san ko na kunya ne ko na sauƙi ba.

Sauran aikin bai ɗauki awa biyu ba. Khalil ya ɗauke fayil ɗin imel ya mai da shi cikin kwamfutar Ramatu, wannan karon Malam Armiya'u bai kawo maganar doka ba. Ya musanya akwatin batirin babbar kwamfuta da na malaman allura kafin a kawo sabo daga Gusau. Ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe cewa kowa ya rufe rajista kafin a kashe inji, ya manna a ɗakin maza, ya manna a ɗakin shugaba, sannan ya manna a nata. Rahoton da ya rubuta wa Kaduna layi uku ne: batirin babbar kwamfuta ya gaji, an ajiye imel inda bai dace ba, an gyara. Malam Armiya'u ya karanta sau biyu ya sa hannu da baƙin biro. Ambulan ɗin kuwa ba a sake ganin ta ba.

Ranar Alhamis Ramatu ta zo aiki kanta a ƙasa, tana jiran kallo ko ƙus-ƙus. Ba ta ga ko ɗaya ba. A bangon ɗakin shugaba ƙusa ce kawai da farin gurbi inda rana ba ta ci fenti ba. Da wani malamin allura ya tambayi ina kalanda, Malam Armiya'u ya ce masa ya sa hannu ya kama hanyar Shinkafi, rana tana yi.

Ƙarfe biyu saura minti biyar ta ji takun Baba Namadi a baranda, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ɗakin malaman allura ya ƙwanƙwasa sau biyu. "Za ni kashe inji." Ya matsa ɗakin shugaba ya yi haka. Ya wuce ɗakin ajiya, inda babu kowa sai kwalaye da sanyin firji, nan ma ya ƙwanƙwasa. Sannan ya iso ƙofarta.

"Za ni kashe inji," in ji shi, da murya ɗaya da ta sauran, bai tsaya jin amsa ba.

Haka ya ci gaba da yi sau biyu a wuni, kowace rana ta Allah, har shekara huɗu da ofishin ya ƙara yi a Kaura. A ranar Alhamis ɗin nan kuwa, Ramatu ta rufe rajista, ta kashe kwamfuta. Ta dubi butar da ke bayan ƙofa, ta bar ta a inda take, ba sauran zagayen rufe idon mutane.